Gejin mai na mota: Yadda ake gano matsalarsa kafin a kashe kuɗi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana kawo ƙarshen tallafin man fetur, direbobi da dama a Abuja suka rage cika tanki, suka koma sayen gwargwadon ƙarfin aljihunsu. Ga ma'aikacin da ke tashi daga Garki zuwa Nyanya ko Mararraba da yamma, allurar gejin mai ce ke nuna masa ko zai isa gida. Idan ta yi masa ƙarya, motar na iya mutuwa a tsakiyar cunkoson AYA.

Gejin yana aiki ne da sassa uku. A cikin tanki akwai wata 'yar ƙwallo marar nauyi da ke iyo a saman fetur, haɗe da siririn ƙarfe. Yayin da mai ke ƙaruwa ko raguwa, ƙarfen na goga wani ɗan faifai da ke sauya ƙarfin lantarki. Waya ce ke ɗaukar wannan saƙo zuwa allurar da ke gaban direba. Saboda haka matsalar na iya kasancewa a tanki, ko a waya, ko a gejin kansa, amma ta fi yawa a tanki.

Yanayin allurar na taimakawa wajen gano inda cutar take. Idan ta kwanta a kan harafin E alhali an sha mai, mai yiwuwa ƙwallon ta huje ta nutse. Idan ta maƙale a kan F, ana zargin ƙarfen ya cije ko waya ta samu matsala. Idan tana hawa da sauka a kan shimfiɗaɗɗen titi, faifan ne ya cinye ko datti ya rufe shi. Idan kuwa gejin zafin inji ya mutu tare da na mai, sai a fara duba fis.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A cika tanki, a mayar da ma'aunin kilomita zuwa sifili, a ga ko allurar ta motsa. Bayan haka a duba fis, sannan soket ɗin da ke saman tanki, wanda a motoci da yawa yake ƙarƙashin kujerar baya, domin tsatsa ko sakin waya. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar gwaji ta kwamfuta, kuma lambobin P0460 zuwa P0464 na nuni ne ga wannan sashe.

Daga nan aikin na mai gyaran wayoyin mota ne, kamar waɗanda ke unguwar makanikai ta Apo, kusa da Garki. Zai auna faifan da mita yana ɗaga ƙarfen a hankali. Idan lambobin na tsalle ko suka tsaya cik, laifin na tanki ne. Kafin buɗe tanki wajibi ne a cire kan batir, a nisanci wuta da sigari.

A motoci da dama ƙwallon na haɗe da famfon mai, don haka wasu ke gaggawar sauya su baki ɗaya. Mai mota na da haƙƙin ganin sakamakon gwaji tukuna, domin sau da yawa ana samun sashen shi kaɗai.

Jinkirta gyaran ma na da tsada. Fetur ne ke sanyaya famfon, kuma yawan tafiya da busasshen tanki na rage masa kwana. Kafin a samu halin gyara, direba ya riƙa rubuta litar da ya saya da kilomitar da ya yi, ya sha mai tun lissafin bai ƙure ba.