Gasasshen kurjet da fromaji: abincin dare mara nauyi a madadin makaroni

Idan sanyi ya shigo, masu lambu na bakin kogin Yamai da na fadamun Maraɗi da Damagaram sukan kawo wani kayan lambu kasuwa mai kama da kokwamba, kore, dogo. Shi ne kurjet. Mata da yawa sukan wuce shi don ba su san me za su yi da shi ba, waɗanda suka saya kuma galibi a miyar kuskus yake ƙarewa tare da karas da kabeji. A Faransa da Italiya kuwa da shi ake haɗa cikakken abincin dare: a yanka shi, a jera a faranti, a zuba fromaji a kai, a gasa. Faransawa na ce masa gratin de courgettes. Masu son rage nauyin abincin dare sun riƙe shi a matsayin madadin makaroni, kuma suna da hujja, amma hujjar tana da sharuɗɗa guda biyu da ba a cika faɗa ba: ruwan da ke cikin kurjet ɗin, da yawan fromajin da aka zuba.

Kurjet ɗan'uwan kabewa ne. Asalin danginsa ƙasar Meziko, inda aka fara noma su kimanin shekaru dubu 10 da suka wuce, kuma sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 irin ya ƙetara zuwa Turai. Wannan nau'in dogon da muke gani yau manoman arewacin Italiya, wajajen birnin Milan, suka fitar da shi a ƙarni na 19. Sunansa a Italiyanci da Faransanci duk ma'ana ɗaya ce, wato ƙaramar kabewa, saboda ana tsinke shi tun yana ɗanye shakaf kafin ƴaƴan cikinsa su ƙosa. A yankin Provence na kudancin Faransa ana gasa shi da tumati da albasa a cikin wani kaskon yumɓu mai suna tian, har abincin ya ɗauki sunan kaskon. A kudancin Italiya kuma akwai parmigiana, wadda aka fi sani da obarjin, amma ana yin ta da kurjet, hawa-hawa da miyar tumati da mozzarella. Ita kalmar gratin daga aikin kankarewa ta samo asali, wato abin da ke manne wa tukunya a kankaro shi. Da Hausa dai ƙanzo ke nan. Bambancin kawai shi ne su a sama suke neman ƙanzon ya fito.

Lissafin nauyin

Garam 100 na ɗanyen kurjet na ɗauke da kalori wajen 17 kacal, da sinadarin sitaci da sukari da bai wuce garam 3 ba, sauran kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Garam 100 na busasshiyar makaroni, wanda shi ne abin da baligi ɗaya kan ci a zama guda, ya kai kalori 350, tun ba a sa mai ko miya ko nama ba. Ke nan kilo guda cur na kurjet bai kai rabin kason mutum ɗaya na makaroni ba.

Amma ba wanda ke cin kurjet gaya. Fromaji irin emmental, wanda aka fi samu a gurje cikin leda a manyan kantunan Yamai, yana da kalori wajen 380 a garam 100, gruyère da parmesan sun ɗara haka. Cokalin miya ɗaya na mai, na zaitun ne ko na gyaɗa, kalori 120 ne. Kirim ɗin madara da Faransawa ke ce wa crème fraîche kusan kashi 30 cikin 100 kitse ne, kalori wajen 300 a garam 100. Idan uwargida ta ɗauki kilo ɗaya na kurjet, garam 120 na fromaji, ƙwai 2, madara kofi ɗaya, mai cokali 2 da ɗan garin burodi, ta raba wa mutum huɗu, kowa zai tashi da kalori wajen 300 ko sama kaɗan. Idan kuwa ta juye fromaji garam 300 da ƙaramin gwangwanin kirim, kason kowa zai haura 500, an dawo inda aka baro, har gara ma makaronin da ta fi araha. Hotunan da ake yaɗawa a Facebook na faranti mai fromaji yana jan zare kamar danƙo galibi irin na biyun ne.

Ruwa shi ne babbar matsala

Ruwan nan da ya sa kurjet ba shi da nauyi shi ne kuma ke ɓata girkin. Makaroni tsotse ruwa take yi, shi ya sa miya ke kama ta. Kurjet kuwa sakin ruwa yake yi. Da zafi ya ratsa shi, ƙananan ɗakunan da ke riƙe da ruwa a jikinsa sai su fashe, ruwan ya taru a gindin faranti, ya tsinka madarar da ƙwan, fromajin ya yi ta iyo a sama. Wanda ya taɓa yin wannan girki ya samu romo maimakon abin yankawa da wuƙa, nan aka samu tangarɗa.

Maganin shi ne a fitar da ruwan tun kafin a kai ga wuta. A wanke kurjet, a yanke kai da gindi, kada a fere, don fatar ce ke riƙe shi kar ya dame. A yanka shi zagaye-zagaye, kauri kamar rabin santimita, ko a tsaye falle-falle idan ana son ya yi kama da faffaɗar taliyar lazanya. A zuba a rariya, a barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya ga kilo guda, a juya, a bar shi minti 20 zuwa 30. Gishirin da ke waje yana janyo ruwan da ke ciki, kamar yadda yake yi wa yankakken kokwamba ko albasa, za ki ga yana ɗiga ƙarƙashin rariyar. Daga nan a ɗauraye sama-sama don rage gishirin, a shimfiɗa a tsabtataccen ƙyalle a danna har ya tsane.

Wannan kaɗai ya rage matsalar sosai, amma a ganina mataki na biyu ya fi shi muhimmanci: a ɗan soya yankan a kasko mai zafi da mai kaɗan, minti 2 zuwa 3 kowane gefe, har ya fara yin ja. Kada a cika kaskon. Idan aka tula shi duka lokaci guda, tururi ne zai dafa shi, ba zai yi ja ba, kuma ɗanɗanon kurjet, wanda dama ba shi da ƙarfi, daga wannan jan yake fitowa. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin abin a 1912: idan sukari da furotin suka haɗu da zafi mai ƙarfi a busasshen wuri, sai su ba da launin ja da ƙamshi. Shi ne ƙamshin tsire, shi ne na bayan burodi. Muddin akwai ruwa a wurin, zafin ba ya wuce digiri 100, abin kuma ba ya faruwa yadda ya kamata. Wasu littattafan girki na cewa a tafasa kurjet ɗin da farko. Ban ga amfanin ƙara wa abu ruwa ba alhali ruwan ake son kora.

Zaɓen kurjet ɗin ma yana da tasiri. Ƙanana masu tsawon santimita 15 zuwa 20, masu tauri da sheƙi, sun fi. Manyan da suka kai tsawon hannu sun fi kyan gani a tire, amma cikinsu ya zama kamar soso, ga ƴaƴa ga ruwa. Idan su kaɗai aka samu, a tsaga biyu a kwashe tsakiyar da cokali.

Haɗawa da gashi

A soya albasa ɗaya, ta Galmi ta isa, da tafarnuwa ƙwaya 2 har su yi laushi. A kaɗa ƙwai 2 da madara kofi ɗaya, wato wajen santilita 20, da masoro da ɗan gyaɗar ƙamshi, a zuba rabin fromajin a ciki. Kada a ƙara gishiri sai an ɗanɗana, don kurjet ya riga ya sha nasa, fromaji ma da nasa. A shafa wa farantin gashi mai, a barbaɗa garin busasshen burodi cokali ɗaya a ƙasa don ya shanye sauran ruwan da zai fito. A jera kurjet da albasa, a zuba haɗin ƙwan, a rufe da sauran fromajin gauraye da garin burodi cokali ɗaya. A gasa a fur mai zafin digiri 180 zuwa 200 na tsawon minti 25 zuwa 30, ba tare da murfi ba, don tururi ya samu hanyar fita. Idan an fitar a bar shi minti 10 kafin a yanka. A wannan hutun ne ƙwan ke gama ɗaurewa.

Mai son salon Italiya sai ta bar madara da ƙwai, ta yi miyar tumati mai kauri sosai, wadda aka bari ruwanta ya ƙone, ta jera hawa uku. Girke-girken Faransa da dama suna sa gutsattsarin naman alade da ake kira lardons, don haka a lura idan ana bin na intanet ko ana saye a gidan abinci. Niƙaƙƙen naman sa garam 200 da aka soya da albasa ya maye gurbinsa, kuma da shi abincin ya fi riƙe ciki.

Rashin fur ba ya hana girkin. Dabarar da mata ke yin gato da ita tana aiki a nan: babbar tukunya da yashi a ƙasa, a ɗora farantin a kai, a rufe, a zuba garwashi bisa murfin. Garwashin saman ya kamata ya fi na ƙasa yawa, tunda saman ake son ya yi ja, kuma a riƙa ɗaga murfin lokaci-lokaci ana goge gumin da ya taru, in ba haka ba zai ɗiga ya jiƙa ƙanzon.

Wane fromaji?

A nan kuɗi ke magana, domin fromajin Turai shigo da shi ake yi, kuma shi ne mafi tsada a cikin kayan. Tambayar da za ta zo wa kowa ita ce ko cukunmu zai yi. Cuku ba ya narkewa, an busar da shi ne don ya daɗe. Amma idan aka daka shi ya yi gari aka gauraya da garin burodi da ɗan mai aka barbaɗa a sama, yana yin ja yana ba da ƙamshi, kusan aikin da parmesan ke yi, wanda shi ma ba ya jan zare. Wagashi, cukun Fulani da ake kawowa daga Benin wanda ake ɗaure madararsa da tumfafiya, shi ma ba ya narkewa, sai dai a marmasa shi a tsakanin kurjet ɗin ya ƙara auki. La Vache qui rit da ire-irenta da ke kowane shago suna narkewa da kyau cikin madara mai ɗumi, ɓari 4 sun isa su ba haɗin maiƙo, amma a sama ba sa yin ƙanzo mai kyau. Haɗa biyu, mai narkewa a ciki da dakakken cuku a sama, ya fi sauƙi ga aljihu. Kuma fromaji mai ƙarfin ɗanɗano kaɗan ake buƙata daga gare shi, wanda hakan ma wata hanya ce ta rage kalori.

Idan ya yi ɗaci, a zubar

Kafin a yanka, a ɗanɗana ɗan gutsure daga kowane kurjet ɗanye. Dangin kabewa da duma suna iya samar da wani sinadari mai ɗaci da ake kira kukurbitasin, irin wanda ke cikin duma mai ɗaci da ake yin ƙwarya da shi. Nau'o'in da ake nomawa don ci an rage musu shi ƙwarai, amma yana iya dawowa idan manomi ya ajiye iri daga gonar da ta yi barbara da na daji ko na ado, kuma tsananin zafi da ƙishirwa suna ƙara shi. Dahuwa ba ta kashe shi. Yana sa amai da gudawa da murɗar ciki mai tsanani. A 2015 wani dattijo mai shekara 79 ya rasu a garin Heidenheim na Jamus bayan ya ci gasasshen kurjet da aka noma a lambun gida, duk da cewa ya ji ɗacin. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma fromaji da kayan ƙamshi na iya ɓoye ɗacin, shi ya sa ake ɗanɗanawa tun yana ɗanye.

Ga mai ciwon sukari, wannan abinci ya fi farantin makaroni sauƙi a kan jini saboda ƙarancin sitaci, sai dai ba magani ba ne, kuma mai shan magani ko allurar insulin kada ya yanke sitacin dare baki ɗaya ba tare da ya yi shawara da likitansa ba, don sukarin na iya faɗuwa cikin dare. Mai hawan jini kuma gishirin zai duba. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba da shawarar kada baligi ya wuce garam 5 na gishiri a yini, kuma fromaji da cuku da dunƙulen magi duk suna shiga lissafin. Ita ce dai hukumar da ke cewa a ci aƙalla garam 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace kullum, kuma kason mutum ɗaya na wannan girki ya ba da fiye da rabin haka.

Abincin mai zaman bureau ne da wanda ke son kwanciya da ciki sakayau. Wanda ya yini yana aikin ƙarfi, ko yaro mai tasowa, kalori 300 ba za ta kai shi safe ba, sai a haɗa masa da burodi ko shinkafa kaɗan a gefe. Wata hanyar kuma ita ce a dafa makaroni rabin abin da aka saba, a gauraya da soyayyen kurjet ɗin a gasa tare. Makaronin za ta shanye ruwan da kurjet ya saki, yara kuma ba za su yi ƙorafin an canza musu abinci ba. Abin da ya rage a sa shi a firigo da zarar ya huce, kada ya kwana a waje saboda ƙwai da madara, a cinye cikin kwana 2, kuma a ɗumama shi a kasko ko fur har zafi ya ratsa tsakiyarsa.