Ko Ka Sani? Na'urar da Ta Hana Farin Wata Kumbura

Ko ka san cewa a Amurka an taɓa ƙera wata ƙatuwar na'ura, doguwa har sai ma'aikata sun taka tsani kafin su kai samanta, don a warware matsalar farin wata a cikin fim ɗin katun?

Ga yadda matsalar take. Kafin zuwan kwamfuta, da hannu ake zana katun. A zana daji ko ƙauye a kan takarda guda, a ɗora zanen mutum ko dabba da aka yi a kan wata leda mai garai-garai, sai kyamara daga sama ta riƙa ɗauka, hoto bayan hoto, har 24 kafin a samu sakan ɗaya na fim. To, a ce labari ya kai inda ake son mai kallo ya ji kamar yana tunkarar wani gida da daddare. Sai a riƙa matso da kyamara kusa da takardar. Gidan ya ƙara girma, daidai ne. Itacen bakin hanya ya ƙara girma, shi ma daidai ne. Amma farin watan da aka zana a saman takardar, shi ma sai ya yi ta kumbura har ya nemi cika allo! Ido kuwa ba ya yarda da wannan. Duk yaron da ya taɓa leƙawa ta tagar mota da dare a hanyar Kano zuwa Zariya ya san itatuwan bakin titi wucewa suke fuu, duwatsun nesa suna jan ƙafa, shi kuwa wata yana nan yadda yake, kamar yana bin motar. Ko ka yi tafiyar kwana da kwanaki wajensa, ba zai ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

Walt Disney da kansa ya yi amfani da misalin watan nan a wani shirin talabijin a 1957, lokacin da yake bayyana dalilin da ya sa kamfaninsa ya ƙera na'urar. Wannan bayani ya daɗe yana burge ni, domin maganin da suka samo mai sauƙi ne a tunani, mai tsananin wuya a aikace. Cewa suka yi a daina zana duniya a takarda ɗaya. A rarraba ta. Itacen gaba a zana shi da fentin mai a kan faifan gilashi nasa shi kaɗai. Shinge a wani gilashin. Gida a wani. Tudun baya a wani. Sararin sama da watansa su zauna can ƙasa, kada kowa ya taɓa su. Sai a jera gilasan nan hawa-hawa a cikin wani firam na ƙarfe, da tazara tsakaninsu, har hawa bakwai idan ta kama, kyamara na can ƙoli tana kallon ƙasa ta cikinsu duka. Idan ana son shiga cikin hoton, sai a ɗaga gilashin itace zuwa wajen kyamara da sauri, na gida a hankali, na tudu da ƙyar ake motsa shi. Wata kuwa ko gezau.

Shi ya sa idan kana buɗe littattafan nan masu manyan shafuka da ake wallafawa kan yadda aka yi finafinan katun, wani lokaci za ka ci karo da zane mai ban mamaki: rassan itace zagaye da gefen shafi, tsakiya fayau babu komai. Ba wai mai zanen ya gaji ya bari ba ne. Hawa ɗaya ne kake gani daga cikin jerin, an bar tsakiyar ne don kyamara ta bi ta wuce.

William Garity ne ya jagoranci ƙera na'urar kamfanin Disney, aka gwada ta a wani gajeren fim mai suna The Old Mill a 1937, labarin mujiya da jemagu da kwaɗi da tsuntsaye da ke zaune a wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska, hadari ya taso musu. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, ita ma na'urar aka ba kamfanin lambar yabo ta fasaha saboda ita. Daga nan ta shiga Snow White a ƙarshen shekarar, sai Pinocchio a 1940, sai Bambi a 1942, inda dajin yake da zurfi har ka ji kamar za ka iya ɓata a ciki.

Amma wahalarta fa! Kowane hawa da fitilunsa masu zafi. Mutane da yawa ne ke tsaye a jikinta, kowa da hannun murɗawarsa da takardar lissafin da ke gaya masa iyakar abin da zai matsar. A murɗa kaɗan, a ɗauki hoto ɗaya, a sake murɗawa. Ƙura kaɗan ta sauka a gilashi, fitila ta haska ta, ta fito ɓaro-ɓaro a fim. Kuma ba a ganin sakamako sai an wanke fim ɗin; idan mutum ɗaya ya yi kuskure a tsakiya, aiki ya koma farko.

Sai dai ba Disney ne ya fara tunanin ba, kuma a ganina littattafan da ke yabon kamfanin ba su cika ba waɗanda suka riga shi haƙƙinsu ba. Ub Iwerks, wanda da hannunsa aka fara zana Mickey Mouse, ya bar Disney a 1930 ya buɗe nasa wurin, kuma a 1933 ya haɗa tasa na'urar a kwance maimakon a tsaye. Da me ya haɗa ta? Da sassan wata tsohuwar mota ƙirar Chevrolet! Kafin shi ma akwai wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, wadda ta yi shekara uku ita da mijinta Carl Koch da abokan aiki kaɗan a wani ɗan ɗaki a Potsdam, tana yanka mutane da dawaki da aljanu daga kwali da almakashi, tana shimfiɗa su a kan gilasai masu hawa, haske na bugowa daga ƙasa. Fim ɗinta ya fito a 1926, kuma shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya. Labarin Yarima Ahmad ne da dokinsa mai tashi sama, daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda iyayenmu suka karanta da Hausa.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Yuri Norstein na Rasha. A 1975 ya yi wani gajeren fim kan bushiya da ta ɓata cikin hazo. Don ya samar da hazon, sai ya shimfiɗa takarda shara-shara a kan bushiyar, ya riƙa ɗaga ta zuwa wajen kyamara kaɗan-kaɗan, hoto bayan hoto, har dabbar ta dushe ta ɓace. Ya sauko da takardar, ta sake bayyana. Tazara tsakanin hawa da hawa ita ce duk sirrin.

Disney sun yi amfani da dabarar gilashi a karo na ƙarshe a The Little Mermaid a 1989. Daga shekarar da ta biyo baya kwamfuta ta karɓi aikin, da wani tsari da suka haɗa tare da kamfanin Pixar, wanda ke jera hawa da yawa ba tare da ƙura ko zafin fitila ba. Guda uku daga cikin na'urorin na asali sun rage: ɗaya a harabar kamfanin a Burbank, ɗaya a gidan tarihin iyalin Walt Disney a San Faransisko, ta ukun kuma aka kai ta wurin shaƙatawar Disney da ke kusa da birnin Faris.