Hoton Salula Ma Shaida Ne

Zancenmu na yau a kan wata dabarar bincike ne, wadda ke ba wanda bai iya rubutu ba damar faɗin abin da ya dame shi.

A da, mai bincike kan zo ƙauye da takardar tambayoyi, ya cika, ya koma birni. A shekarar 1992, a lardin Yunnan na ƙasar Sin, Caroline Wang da Mary Ann Burris suka danƙa wa matan karkara na'urar ɗaukar hoto don su nuna zamansu da kansu. Yau salula ta sauƙaƙa wannan aiki.

Ga misali. Manomin Ɗan Saga, a gundumar Agye, ya ɗauki gawon da ya raya da sassaben zamani. Mace a Gazawa ta ɗauki rijiyar da ta ƙafe. Magidanci a Gidan Rumji ya ɗauki rumbun da ya ƙare kafin damina. Sai a taru, kowa ya faɗi dalilinsa, a zaɓi hotunan da za a kai wa magajin gari.

Amma a kiyaye. Kada a ɗauki mutum sai da yardarsa, yaro kuwa sai da izinin iyayensa. Hoton da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.