Adon yatsu na Salla a gida: jan lalle, jan farce da baƙin da ke ƙona fata

 Salla ta matso. Wanda ya leƙa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Wadata a Yamai, zai ga teburan masu kayan kwalliya sun cika da garin lalle, da ƙananan kwalaben jan farce, da faratan roba cikin leda. Mata da yawa ba su da kuɗin zuwa wurin mai zane, ko kuma layi ya yi musu tsawo, sai su yi abinsu a gida, ya ta yi wa ƙanwa, maƙwabciya ta yi wa maƙwabciya. Hakan ba laifi ba ne, har ya fi daɗi. Sai dai kayan nan ba duka ne lalle ba, ko da an rubuta lalle a jikinsu.

Mu fara da na asali. Lallen da iyayenmu suka sani ganye ne, a shanya shi a inuwa, a daka, a tankaɗe. Cikin ganyen akwai wani sinadari mai launi da ke kama sashen sama na fata da kuma farce, wato akaifa kamar yadda muke cewa a nan. Yana shiga ciki ya rina, ba ya kwanciya a sama kamar fenti. Launinsa kuwa ɗaya ne: in an kankare shi da farko sai ki gan shi ruwan goro, har ki ce bai kama ba, sannan ya yi ta nuna da kansa har wajen kwana 2, ya koma ja mai duhu. Wannan ya sa ƙunshin daren jajibere yake ba mata haushi da safiyar idi. Wadda ke son hannunta ya nuna ranar Salla, ta ƙunsa tun saura kwana 2.

Haɗin ba shi da wuya. A sami gari sabo, wanda yake kore shar yana ƙamshin ganye. In ya koma kalar ƙasa, ya kwana biyu, ba zai kama sosai ba. A sake tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi don kada tsaki ya toshe bakin ledar zane. A kwaɓa da ruwan lemun tsami ko ruwan shayi da ya huce, a sa sukari kaɗan don ya liƙe a fata kada ya yi saurin farfashewa, a rufe a aje shi wasu awoyi kafin a shafa. In an shafa a bar shi awa 4 zuwa 6, wadda ta iya kwana da shi ta fi riba. Da can zunguru ake zura hannu ciki, yanzu leda da tsohuwar safa sun gaje shi. In an tashi cirewa a kankare, a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya, a ɗan ƙaurace wa sabulu da wanki a ranar.

Ga farce kuma akwai abin da ya kamata a sani kafin a sa. Lallen fata yana gogewa cikin sati 1 zuwa 3, saboda fata tana sabuntawa. Na farce ba ya gogewa, sai dai farcen ya tsiro a yanke. Farcen hannu yana ƙaruwa da kamar milimita 3 a wata, kuma yana ɗaukar wajen wata 6 kafin ya sauya gaba ɗaya. Na babban yatsan ƙafa yakan kai shekara ko fiye. Ku lissafa: daga ƙaramar Salla zuwa ta layya kwana 70 ne ko kusa da haka, ke nan wadda ta rina farce a Sallar azumi za ta iske kusan rabinsa da sauran ja ranar layya. Ga masu son ado, a yanka salatif siri-siri a liƙa a farce kafin a sa lalle, a tsaye ko a karkace, ko a rufe gindin farcen a bar baki kawai. In an ɓare salatif sai zanen ya fito tsaf. Amma a yi shi da natsuwa, don kuskuren farce da ke za a yi ta yawo har watanni.

To, yanzu ga inda maganar take. Babu ganyen lallen da ke ba da baƙi wuluk cikin minti 20 ko 30. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, galibi rinin gashi ne, ko lalle da aka zuba wa sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Ƴan mata na son shi don yana kamawa nan take, kuma yana fitowa ras a hoto. Amma sinadarin ba a yi shi don fata ba. A ƙasashen Tarayyar Turai an yarda da shi cikin rinin gashi kawai, shi ma da ƙayyadadden kima, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Wanda ake kwaɓawa a tsakar gida da murfin kwalba kuwa, wa ya auna shi?

Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa nan da nan. Wadda ta fara sawa tana iya cin Sallarta lafiya lau, sai bayan kwana 4 har zuwa sati 2 ƙaiƙayi ya taso, wurin ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa suna bin zanen sak, fure inda aka yi fure, layi inda aka yi layi. In ya warke yakan bar tabo, baƙi ko fari, na watanni. Saboda wannan jinkiri ne mutane ba su zargin dayis, sai a ce sammu ne ko ciwon iska, a tafi neman magani inda ba shi. Kuma jikin da ya taɓa ƙin sinadarin ya ƙi shi ke nan har abada: duk ranar da ta sake sawa, ko ta rina gashi, abin zai dawo da sauri, cikin kwana 1 zuwa 3, kuma ya fi na farko tsanani. Don haka maganar "ai bara na sa ban ga komai ba" ba hujja ba ce, wataƙila baran ce ta shirya wa bana. Ɗan gwajin da ake yi a bayan hannu na minti kaɗan shi ma ba ya wanke shi.

In an riga an sa kuma aka ji zafi ko ƙaiƙayi, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, kada a fasa ƙurajen, kada a shafa man zafi, toka ko man goge haƙori. A tafi likita, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da aka shafa, in da hali a tafi da kwalinsa. In fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan ba a jira safiya. Garin dayis kuma guba ne in aka haɗiye shi, an sha rasa rayuka da shi a Sudan da Maroko, saboda haka a ɗaga shi sama inda yara ba su kaiwa.

Yara ma dai, ko lallen asali a bar jarirai. Akwai wata larurar jini ta gado, G6PD, wadda ke da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma kuma iyaye ba su cika sanin ɗansu na da ita ba. Lalle a jikin irin wannan jariri yana iya farfasa ƙwayoyin jininsa, idanu su yi rawaya, jiki ya yi laushi.

Jan farce na kwalba shi fenti ne, yana bushewa ya zama ɓawo a kan farce. Shi ya sa malamai ke cewa yana hana ruwan alwala isa ga farce, sai an goge shi, alhali rinin lalle ba ya hanawa tunda launi ne kawai ya rage. Mata da yawa sukan bar shi sai kwanakin da ba su salla. Wadda za ta sa, ta wanke farce ya bushe babu maiƙo, ta shafa siriri sau 2 tana jira na farko ya bushe, ya fi a lafta mai kauri sau ɗaya. Tsinken ashana ya isa a yi ɗige-ɗige da wani launi a kai. Kwalbar a rufe ta da kyau a aje a inuwa, zafin garinmu yana daskarar da shi. Shi da ruwan goge shi, wanda ake kira disolban, duka suna kama wuta kamar fetur, kada a buɗe su kusa da murhu ko fitilar kananzir, balle ranar suyar naman layya. Kuma kada a kankare shi da reza.

Faratan roba kuwa, ni dai ban ga ribarsu ga mai tuƙa tuwo da wankin hanji ba. Ruwa na shiga ƙarƙashinsu ya kwanta, farce ya yi kore ko ya ruɓe. Gam ɗin da ake liƙa su da shi, in ya zube a kan tufafin auduga yana yin zafin da ke ƙona fata, kuma yara na ɗaukar kwalbarsa su zata maganin ɗigawa a ido ne. Wadda ta sa, ta jiƙa su da disolban su saki da kansu, kada ta fizge.

Wajen gyaran farce, kowa da rezarsa ko abin yankansa. Cutar hanta nau'in B tana bin ɗan jinin da ido ba ya gani a kan ƙarfe. Masu niyyar layya kuma su tuna an so su bar yanke farce daga tsayuwar watan Zulhajji har su yanka dabbarsu, sai a yi gyaran tun kafin nan.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje masu aiko tsarabar Salla, ku juya kwalin ku karanta kafin ku biya. In kun ga PPD ko p-phenylenediamine cikin jerin abin da aka haɗa, ko an rubuta henné noir, ko kwalin bai faɗi abin da ke ciki ba sam, ku mayar da shi kan kanta. Garin lalle kore muna da shi a nan gida da araha. In za ku aiko, ku aiko da abin yankan farce, kowace ɗiya da nata.