Wa Ke da Ikon Cewa A Dakata?

Yau za mu leƙa duniyar ɗaliban da ke ƙera mutum-mutumi don shiga gasa, amma ba ta ƙofar kofi da tafi za mu shiga ba. Za mu shiga ta ɗakin ƙere-ƙere, inda yara 'yan shekara goma sha huɗu zuwa sha takwas ke yanka ƙarfe, suna huda shi, suna haɗa wayoyin lantarki. Abin da za mu tsaya a kai guda ɗaya ne: ba tabaran kariya ko takardar dokoki da aka manna a bango ke tsare lafiyar waɗannan yara ba, sai idan ƙungiyar ta bai wa kowane ɗalibi, har mafi ƙanƙanta, ikon tsayar da aiki a duk lokacin da ya ga haɗari, kuma ta saba da jin maganarsa tun kafin ranar gasa.

Za mu ɗauki misali da gasar FIRST ta Amurka, domin ta daɗe kuma dokokinta a rubuce suke. Wani mai ƙirƙire-ƙirƙire, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a zauren wasanni na wata makarantar sakandare a jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Yau dubban ƙungiyoyi ke shiga daga ƙasashe da dama. Kada mai sauraro ya ɗauka abin wasan yara ake nufi. Mutum-mutumin babban rukunin wannan gasa ya haura kilo 50, yana iya gudun da ya wuce kilomita 15 a awa, kuma guda shida ne ke karo da juna a fili ɗaya cikin kimanin minti biyu da rabi. Batirin da ke ba shi wuta mai ƙarfin bolt 12 ne, irin mai dalma da asid, nauyinsa kusan kilo 6. Wutarsa ba ta jan mutum kamar ta gida, shi ya sa yara ke raina ta, amma idan sifana ta faɗa ta haɗa bakunansa biyu, ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta cikinta, ƙarfen ya yi jajur cikin ƙiftawar ido. Zobe a yatsa ko agogon ƙarfe a hannu su ma haka za su yi. Wasu ƙungiyoyin suna amfani da matsattsiyar iska wajen motsa hannayen mutum-mutumin, kuma doka ta yarda a tara ta har ninki uku zuwa huɗu na iskar tayar ƙaramar mota.

A nan ne abin da ya fi yaudarar ɗalibai yake. Kashe makunni ba ya nufin inji ya zama lafiyayye. Iskar da aka tara tana nan a tukunyarta, sifirin da aka matse yana jiran a sake shi, hannun ƙarfe da aka ɗaga sama yana jiran ya faɗo. Masana'antu sun koyi wannan darasi da rayukan ma'aikata. A watan Janairun 1979, a wata masana'antar Ford da ke jihar Michigan, wani ma'aikaci ya hau rumbun kaya don ɗauko wasu sassa da hannunsa, sai hannun wani mutum-mutumi mai ɗebo kaya ya buge shi ya mutu, kuma ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da irin wannan inji ya kashe mutum. Shekara goma bayan haka, a 1989, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta kafa dokar da ta wajabta a yanke wa inji duk wata hanyar ƙarfi, a sa kwaɗo, a rataya alama, kafin wani ya sa hannu a cikinsa. Ƙungiyar ɗalibai ba ta buƙatar kwaɗo mai tsada don ta bi wannan hikima. Tana buƙatar al'ada: a cire batir, a saki iska, a sauke duk abin da ke sama, sannan wanda zai kunna ya ɗaga murya ya sanar, ya jira a amsa masa. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin mai rubuta manhaja yana zaune ne gaban kwamfuta idonsa a kan allo, abokinsa kuma yana durƙushe da yatsu tsakanin sarƙa da giya, kuma danna maɓalli ɗaya ne tsakaninsu.

Wani zai ce ai a wurin gasa ne haɗarin ya fi yawa, tunda can ne injuna ke gudu. Hujja ba ta goyi bayan haka ba. Wurin gasa shi ne inda aka fi tsaro. Kowace ƙungiya tana da rumfa mai faɗin ƙafa goma da tsawon ƙafa goma, ba mai shiga yankin rumfunan sai da tabaran kariya da rufaffen takalmi. An hana sarrafa mutum-mutumi ta iska a cikin rumfa, sai an jona shi da waya. Masu bincike suna duba kowane inji kafin a bar shi ya shiga fili, suna neman baki mai kaifi da wayar da ta tsiraice. Kowane matuƙi yana da jan maɓallin tsayar da gaggawa a gabansa, kuma ba mai taka fili sai fitila ta nuna an kashe komai. Duk wannan na kwana biyu ne ko uku. Makonnin da suka gabaci gasar fa? Ana sanar da wasan shekara a farkon Janairu, kuma shekaru da dama doka ta ba da makonni shida kacal na ƙira. An janye wannan wa'adi daga kakar 2020, amma ranar gasa ba ta matsa ba, gaggawar tana nan. A waɗannan makonni ne yara ke aiki bayan an tashi makaranta, a gajiye, wani lokaci har dare, babu mai bincike, babu alƙali, sai malami ɗaya da ke kula da mutum ashirin.

Abin da ya faru a jami'ar Yale a watan Afrilun 2011 bai shafi gasar mutum-mutumi ba, amma duk mai kula da ɗakin injuna na ɗalibai ya kamata ya san shi. Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar fiziks, saura makonni kaɗan ta kammala digiri, tana aiki cikin dare ita kaɗai a kan injin sassaƙar ƙarfe mai juyawa, sai gashinta ya naɗe a jikinsa, ta rasu. Ba baƙuwar injin ba ce, ta sami horo, kuma tana aikin da ya shafi kammala karatunta ne. Abin da ta rasa shi ne mutum na biyu a ɗakin, wanda zai ce ta ɗaure gashin, ko ya kai hannu ya kashe injin. Bayan rasuwarta jami'ar ta taƙaita amfani da irin waɗannan injuna ga ɗalibai zuwa lokutan da mai sa ido yake nan. Ilimi bai tsare ta ba, kuma ba zai tsare ɗan shekara goma sha biyar ba idan shi kaɗai ne. Shi ya sa nake ganin dokar da ta fi kowace daraja a ɗakin ƙere-ƙere ita ce kada a kunna inji sai da ido na biyu, kuma idon nan ya kasance yana da baki.

To, ga inda maganar ta yi nauyi. Gasar FIRST tana son kowace ƙungiya ta naɗa ɗalibi ɗaya kyaftin na tsaro. Suna ne mai daɗi, amma a ƙungiyoyi da yawa ana bai wa wanda ba a ba shi wani aiki ba, ya riƙe akwatin magani, ya raba tabarau. Idan wannan yaro ya ga gwanin ƙungiyar, wanda ya fi kowa iya inji, yana huda ƙarfe yana riƙe da shi da hannu maimakon ya ɗaure shi, zai iya cewa ya tsaya? Idan injiniyan da ya zo taimako, sa'an mahaifinsa, ya ɗaga tabarau ya ɗora a goshi, zai iya yi masa magana? Idan amsar a'a ce, to ƙungiyar ba ta da kyaftin na tsaro, tana da mai riƙe akwati ne kawai. Wannan tambaya ta fi yi mana nauyi mu da muka tashi a kan ladabin cewa yaro ba ya gyara wa babba a bainar jama'a, kuma ɗalibanmu suna shiga irin waɗannan gasa: Najeriya na tura tawaga gasar FIRST Global da aka fara a birnin Washington a 2017, ga kuma gasar ƙasashen Afirka da aka assasa a Dakar. Ba na ganin a rushe ladabi. Hanyar ita ce babban da kansa ya ba da izini tun ranar farko, a gaban kowa, ya ce duk wanda ya ga haɗari ya ce a dakata, ko da a kansa ne, sannan ranar da aka faɗa masa ya ajiye kayan aiki ya yi godiya. Yaron da ya ce, "Malam, a dakata, batir na jone," yana cika umarnin malaminsa ne, bai yi rashin kunya ba.

Masu suka suna cewa duk wannan cin lokaci ne, ga gasa na ƙaratowa. Gaskiya ne cire batir da sakin iska suna cin minti ɗaya ko biyu. Amma yankan da ke buƙatar ɗinki yana ɗauke ɗalibi da malami zuwa asibiti har tsawon yammaci, kuma a makarantu da yawa rauni guda mai tsanani ya isa hukuma ta rufe ɗakin gaba ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Wasu kuma suna can ɗaya gefen, suna cewa tunda abin haka yake, a bar manya su yi yanka da huda, yara su tsaya kan kwamfuta. Wannan ya kashe dalilin gasar tun daga tushe. Yaran nan za su je jami'a, za su shiga masana'antu da garejoji, kuma wanda bai koyi tsoron inji ƙarƙashin idon malami ba zai koye shi a wurin da ba mai kula da shi.

Akwai sukar da na fi ɗauka da muhimmanci, kuma daga cikin masu harkar take fitowa. Suna cewa da zarar an sa lambar yabo a kan tsaro, sai ya koma wasan nuna kai: ƙungiyoyi su buga takardu suna mannawa ko'ina, yara su riƙa kwarma ihu a lungunan rumfuna cewa ga mutum-mutumi tafe, alhali a gida suna aiki da silifa. Wannan suka tana da gaskiya, kuma tana ƙarfafa hujjarmu ne. Dokar da aka haddace don burge alƙali ba ta shiga jiki. Ku duba safar hannu: tana da amfani wajen ɗaukar mutum-mutumi mai kaifafan gefe, amma kusa da inji mai juyawa haɗari ce, domin injin zai kama safar ya ja hannun da ita. Ɗalibin da aka koya wa cewa kayan kariya kullum alheri ne zai sa ta a wurin da bai dace ba. Wanda aka nuna wa dalili ba zai yi ba.

Ta yaya ƙungiya za ta san ko al'adarta na aiki? Ƙirga raunuka ba ya isa, domin a ƙaramar ƙungiya ana iya shekaru ba rauni bisa sa'a kawai. Harkar jiragen sama ta samo mafita tun 1976, lokacin da hukumar NASA ta fara karɓar rahotannin sirri daga matuƙa da masu kula da zirga-zirga kan haɗurran da aka tsallake da ƙyar, ba tare da bayyana sunan mai rahoto ba. Ƙungiyar ɗalibai na iya yin irinsa da littafi ɗaya na rubutu: ƙarfe ya fizge daga injin huda bai sami kowa ba, an ɗauki batir ta wayarsa har ta saki, an kunna inji wani bai sani ba. A karanta a ƙarshen mako, a gyara, ba tare da hukunta kowa ba. Ranar da aka hukunta wanda ya rubuta, littafin ya mutu. Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Imani da ƙaddara bai taɓa hana mai hankali rufe rijiya ba, kuma 'ya'yan mutane amana ne a hannun makaranta.

Sai batun tufafi, wanda ya shafi ɗalibanmu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya san yadda bel ke fizgar gefen mayafi ko hannun riga, kuma injunan ɗakin ƙere-ƙere ba su da bambanci. Kuskure ne babba a mai da wannan dalilin nesanta 'yan mata daga injuna, kamar yadda kuskure ne a yi shiru a kai don gudun ɓacin rai. Gajeren hijabi mai kama kai, wanda ake cusa gefensa cikin rigar aiki mai matsattsen hannu, ya warware matsalar ba tare da an taɓa suturar kowa ba, kuma doka ɗaya ta hau kan namiji mai jallabiya ko kaftani mai faɗin hannu. Makarantar da za ta iya sayen moto da batir da tikitin jirgi zuwa gasa ba za ta ce kuɗin ɗinka rigunan aiki goma, da tabarau, da tukunyar kashe gobara, da hodar bekin soda ta kashe kaifin ruwan batir idan ya zube sun gagare ta ba. A sa su a kasafin kuɗi a layi ɗaya da sassan mutum-mutumin, kuma a saye su kafin a sayi moto na farko.