Hanyar zama likitan gashin ƙashi daga Garwa

A Garwa ta ƙasar Kamaru, inda babur ne abin hawan kowa, karaya ta zama ruwan dare, ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki da ke buƙatar wanda zai sake koya musu tafiya. Wannan aikin likitan gashin ƙashi ne, kuma hanyarsa a Kamaru a fili take. Ɗalibi zai fara samun bakaloriya, wato shaidar kammala sakandare, a fannin kimiyya, sannan ya zauna jarrabawar shiga makarantun kiwon lafiya da Ma'aikatar Lafiya ke shiryawa. Idan ya ci, zai yi shekara 3 yana karatun sassan jiki da aiki a asibiti. Mai jin Turanci kuwa yana iya neman Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Maiduguri.

Wasu za su ce maɗori ya wadatar. Maɗori ya san ɗori, amma jijiyar da ta mutu da gaɓar da ta sandare sai wanda ya karanta. Wasu kuma na ganin karatun likita ya fi daraja. Sai dai likita rai yake ceto, mai gashin ƙashi kuwa shi ke mayar da majinyaci gona da kasuwa. Ya kamata iyayen arewa su tura 'ya'yansu wannan fanni.