Blue Lagoon na Malta: Masu Shatar Kwale-kwale da Sammakon Guje wa Cunkoso

Da ƙarfe takwas na safiyar wata rana a watan Yuli, ruwan da ke tsakanin tsibirin Comino da ɗan ƙaninsa Cominotto yana kwance lumui. Wanda ya leƙa daga gefen kwale-kwale zai hango farin rairayi a ƙasa tar, da inuwar kwale-kwalen shimfiɗe a kansa, ƙananan kifaye suna giftawa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya wurin ya sauya kama. Manyan jiragen yawon buɗe ido sun iso daga garuruwan Sliema da Buġibba, wasu ɗauke da ɗaruruwan mutane, kiɗa na tashi, gaɓar duwatsun ta cika ba masaka tsinke. Wannan shi ne Blue Lagoon, wurin iyo mafi suna a ƙasar Malta, kuma awa ukun nan na safe su ne abin da masu shatar kwale-kwale suke biyan kuɗi domin su samu.

Malta ƙasa ce ta tsibirai a tsakiyar Bahar Rum, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili. Jama'arta sun ɗan haura rabin miliyan, amma a shekarar 2024 kaɗai baƙi fiye da miliyan uku da rabi suka ziyarce ta. Comino na tsakanin babban tsibirin Malta da na Gozo. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita uku da rabi ba, babu gari a kansa, mazaunansa na dindindin ba su kai biyar ba. 'Yan ƙasar suna kiransa Kemmuna, daga sunan ɗan tsiron nan mai ƙamshi da Larabawa ke kira kammun, domin harshen Malta daga Larabci ya tsiro. Shi kuwa wurin iyon, a bakinsu sunansa Bejn il-Kmiemen, wato tsakanin Kemmuna biyu.

Abin da ke jan mutane shi ne launin ruwan. Ba shi da zurfi, ƙasansa farin rairayi ne, don haka hasken rana yana sauka ya dawo da wani shuɗi mai haske da ke ɗaukar ido a hoto. Matsalar ita ce wurin zama. Rairayin da ke bakin ruwan ɗan mitsitsi ne, sauran duk dutse ne mai kaifi. Shekara da shekaru masu ba da hayar kujeru da laima sukan jera kayansu tun da sassafe su mamaye ko'ina, har wanda ya zo da tawul ɗinsa ya rasa inda zai shimfiɗa. A watan Yunin 2022 'yan ƙungiyar Moviment Graffitti suka haye tsibirin, suka kwashe kujerun da hannunsu suka tara gefe, suna cewa gaɓar teku ta jama'a ce. Ga kuma shara, musamman ɓawon abarba da ake raraƙewa a sayar da abin sha a ciki, a ɗauki hoto a yar. A bazarar 2024 an ƙirga mutum har 12,000 a wurin lokaci guda.

Daga watan Mayun 2025 hukumar yawon buɗe ido ta Malta ta sa iyaka: mutum 4,000 kawai a lokaci ɗaya. Duk mai son taka gaɓar sai ya yi rajista ta intanet, kyauta, ya zaɓi ɗaya daga zango uku, ko daga 8:00 zuwa 1:00 na rana, ko daga 1:30 zuwa 5:30, ko daga 6:00 na yamma zuwa 10:00 na dare. Idan ya sauka a duba shaidarsa a ɗaura masa abin hannu. Mataki ne da ya dace, ya kuma rage turmutsutsu, sai dai mutum dubu huɗu a kan 'yar gaɓa irin wannan har yanzu taro ne.

A nan kwale-kwalen shata yake shigowa. Iyali ko abokai shida zuwa goma sukan haɗa kuɗi su ɗauki ƙaramin jirgi mai inji da matuƙinsa, na rabin wuni ko wuni guda, daga Mġarr ta Gozo ko daga arewacin Malta wajen Ċirkewwa da Mellieħa. Tafiyar ba ta cika wuce minti ashirin ba. Kuɗin yakan kai ɗaruruwan Yuro, ninkin ba ninkin na tikitin jirgin fito, ko da yake idan aka raba shi goma nauyin yana sauƙi. Wasu sukan yi hayar kwale-kwalen su tuƙa da kansu, amma dokar Malta ta ce duk injin da ƙarfinsa ya kai doki 30 sai mai lasisi.

Babban abin da mai shata yake saya shi ne ikon zaɓar lokaci. Manyan jirage suna da jadawalin da ba su iya sauyawa: sai sun jira baƙi sun karya kumallo a otal, sun cika, sannan su taso, wanda ya taso daga Sliema kuma ya yi sama da awa ɗaya a hanya. Yamma na yi su juya da mutanensu. Don haka matuƙan da suka san wurin sukan kai baƙinsu Blue Lagoon da farar safiya, ko su bar shi sai bayan la'asar. Masu cikin kwale-kwalen ba sa buƙatar kujera ko laima, daga tsanin jirgi suke gangarawa ruwa, su hau su sha inuwar rumfarsa, ba tare da sun taka gaɓa ba.

Idan rana ta take, taro ya iso, sai matuƙi ya ɗaga anga ya zagaya. 'Yan mintuna kudu akwai Crystal Lagoon, ruwa mai zurfi a gindin dogayen duwatsu, wanda da wuya a kai gare shi da ƙafa. A samansa ana hango hasumiyar Santa Marija da Alof de Wignacourt, shugaban mayaƙan Saint John, ya gina a 1618 domin tsare mashigin daga 'yan fashin teku. Ita ce aka yi amfani da ita a matsayin kurkuku a fim ɗin The Count of Monte Cristo na 2002. A arewacin tsibirin akwai gaɓar Santa Marija mai rairayi da bishiyoyi, da kogunan dutse da ƙaramin jirgi kan kutsa ciki alhali babba sai dai ya tsaya daga nesa.

Teku kuwa ba ta san wanda ya biya kuɗi da yawa ba. Iskar da ta fi kaɗawa a Malta ita ce ta arewa maso yamma, wadda suke kira Majjistral. Idan ta taso, ƙaramin kwale-kwale ne farkon wanda ke jin jiki, kuma takan koro wata halittar ruwa mai kama da 'yar laima ja-ja, mai harbi kamar rina, ta tara ta a lungunan da ke fuskantar iskar. Matuƙi nagari yakan duba iska tun da asuba ya zaɓi ɓangaren da ke da kariya, wani lokaci ma ya ce yau ba za a fita ba. An kuma kewaye wurin masu iyo da igiya da ƙwallaye masu yawo a kan ruwa, jirgi ba ya shiga ciki. Masu haye mashigin zuwa Cominotto da ninƙaya sukan ci karo da jan ruwa a ranakun iska.

Akwai kuma wani ɓangaren da tallan masu shata ba ya faɗa, shi ne ya fi damun duk mai ƙaunar wurin. Comino na cikin wuraren da Tarayyar Turai ta keɓe domin kare halittu a ƙarƙashin tsarin Natura 2000. A ƙasan ruwan da ya fi duhu akwai ciyawar teku mai suna Posidonia, wadda a Bahar Rum kaɗai take. Ita ce gidan renon kifaye, tana kuma riƙe rairayin ƙasa, abin da ke taimaka wa ruwan ya zauna garau. Yaɗuwarta a shekara 'yan santimita ne. Anga ɗaya da aka jefa a kanta aka ja da sarƙa tana tumɓuke abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo, kuma a ƙarshen mako na bazara kwale-kwale ne birjik a kowane lungu. A ramukan duwatsun kuma wani tsuntsun teku da 'yan Malta ke kira garnija yake ƙyanƙyasa. Da dare yake komawa sheƙarsa ya ciyar da ɗansa, fitilun jirage da kiɗa mai ƙarfi kan hana shi sauka. Ƙungiyar BirdLife Malta ta daɗe tana kuka a kan wannan. Iyakar mutum 4,000 ta shafi masu taka ƙasa ne, abin da ke faruwa a kan ruwa ya dogara da halin kowane matuƙi.

Saboda haka kafin a biya kuɗin shata, ya kamata a tambayi matuƙi inda yake jefa angarsa. Wanda ya san aikinsa zai nuna farin fili na rairayi, ya rage gudu, ya leƙa ƙasa sosai kafin ya saki sarƙa. Masu iya zaɓar lokacin tafiya kuma sukan jira ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan makarantun Turai sun koma. Ruwan bai huce daga zafin bazara ba tukuna, ma'auninsa na sama da digiri 22, 'ya'yan garnija sun riga sun tashi daga ramukansu, jiragen da ke tasowa daga Sliema kuma sun fara zuwa da kujeru babu kowa.